Ƙwari a Kan Katako: Tarihin Bugun Hotuna Masu Launi a Japan da Takunkumin da Ya Biyo Baya

A farkon shekarar 1788, wani mai gidan ɗab'i a birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokyo, ya fitar da littafi mai juzu'i biyu wanda babu hoton sarki ko jarumi ko kyakkyawar mace a cikinsa. Abin da ke ciki fara ce da gyare da mazari da malam-buɗe-littafi da ƙoƙi-ƙoƙi, kowanne maƙale a jikin ganye ko fure. Sunan littafin Ehon Mushi Erami, wato littafin hotunan zaɓaɓɓun ƙwari. Kitagawa Utamaro ne ya zana hotunan, Tsutaya Juzaburo kuma ya ɗauki nauyin bugawa. Har yau masana na lissafa shi cikin mafi kyawun abin da fasahar bugun katako mai launi ta samar.

Bayan shekara uku, hukuma ta ci Tsutaya tarar da ake ruwaito cewa ta kai rabin dukiyarsa. A shekarar ce kuma aka kori mutumin da ya zaɓi waƙoƙin littafin daga birnin. Shi kuwa Utamaro, a 1804 aka sa masa ankwa ta kwana 50. Babu ɗayansu da hoton ƙwaro ya jawo wa hukunci. Sai dai tarihin waɗannan hotuna ba ya rabuwa da tambayoyi biyu: su wa suka yi aikin, kuma me hukuma ta yarda a buga?

Mene ne bugun katako mai launi?

Wanda ya san yadda hatimi yake aiki ya riga ya fahimci tushen wannan fasaha. Ana sassaƙe fuskar allon katako, a bar inda ake so ya fito a takarda ya yi tudu, a shafa masa tawada, a ɗora takarda a danna. Inda aka sassaƙe ba ya taɓa takardar, saboda haka sai ya fito fari.

Wahalar tana farawa ne idan ana son launi fiye da ɗaya. Kowane launi yana buƙatar allonsa, kuma dole ne takarda ɗaya ta bi ta kan allunan ɗaya bayan ɗaya, ta sauka daidai wuri guda a kowane karo. Idan ta goce da kaurin gashi, koren ganye zai tsallake iyakarsa, jan fure ya hau kan fiffiken ƙwaro. Masu sana'ar a Japan sun magance wannan da wasu tsagogi biyu da ake kira kento, waɗanda ake sassaƙawa a gefen kowane allo: ɗaya mai siffar kusurwa, ɗaya miƙaƙƙe. A cikinsu ake jingina gefen takarda kafin a kwantar da ita.

Da farko da baƙar tawada kaɗai ake bugawa, sannan a shafa launi da hannu. Wajen shekarun 1740 aka fara buga launi biyu ko uku. Cikakken bugu mai launuka da yawa ya kankama ne a 1765, lokacin da wasu masu hali a Edo suka shiga gasar musayar kalandu masu hoto, suka riƙa biyan masu sana'a domin su fitar da abin da ba a taɓa gani ba. Mai zane Suzuki Harunobu ne ya fi shahara a wannan sauyi. Aka sa wa sabon salon suna nishiki-e, saboda kamarsa da saƙar alharini mai launuka.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Sunan mai zane ne duniya ta riƙe, amma mutum huɗu ne aƙalla ke bayan kowane hoto. Na farko shi ne mai gidan ɗab'i, wanda ke zuba jari, ya zaɓi batu, ya ɗauki ma'aikata, ya kuma mallaki allunan. Na biyu mai zane, wanda ke zana hoton da baƙar tawada a kan takarda marar kauri. Na uku masassaƙi. Shi ne zai kifa zanen a kan allon itacen ceri, ya manna shi, ya bi kowane layi da wuƙa yana cire abin da ke gefensa. Wannan na nufin asalin zanen yakan halaka a wajen sassaƙa, ba ya saura. Daga wannan allo na farko ake buga kwafin gwaji, mai zane ya nuna launin da yake so a kowane wuri, sannan a sassaƙa allunan launi.

Na huɗu shi ne mai bugawa. Ba ya amfani da inji. Yakan jiƙa takarda ta yi laushi, ya shafa launi a kan allo da buroshi tare da ɗan damammen sitacin shinkafa, ya ɗora takardar, ya murza bayanta da wani faifai mai suna baren, wanda aka yi da murɗaɗɗiyar igiya aka lulluɓe da ɓawon gora. Ƙarfin kafaɗarsa ne ke tura launin cikin zaren takardar. Ita takardar daga ɓawon wata bishiya mai suna kozo ake yin ta, a shafe ta da ruwan gam da alam domin kada launi ya bazu. Hoto ɗaya kan iya bin allo sau goma ko fiye, kuma zubin farko yakan kai kimanin kwafi 200.

Launukan daga tsirrai da ma'adinai ake samun su: ja daga furen beni, rawaya daga gangamau da wasu duwatsu, shuɗi daga baba ko daga furen tsuyukusa. Akwai kuma dabarun da ke hannun mai bugawa shi kaɗai. Bokashi shi ne sa launi ya riƙa dusashewa a hankali daga duhu zuwa haske. Karazuri shi ne danna takarda a kan allo ba tare da launi ba, domin siffa ta kumburo. Kirazuri kuwa shi ne amfani da garin wani dutse mai ƙyalƙyali da ake kira mika. Waɗannan dabaru uku su ne suka sa hoton ƙwaro ya zama wurin gwada gwani, domin jikin ƙwaro ƙarami ne, ƙafafunsa sirara, fiffikensa kuma ana hango abin da ke bayansa.

Daga Sin aka faro

Ba Japan ce ta fara ba. A ƙasar Sin an daɗe da wani reshe na zane da ake kira ciyayi da ƙwari, wanda ya bunƙasa tun zamanin daular Song. A 1633 Hu Zhengyan ya fitar da wani kundin zane a birnin Nanjing, mai ɗauke da sunan ɗakin aikinsa na Gora Goma, wanda aka buga da ƙananan alluna masu yawa, launukansa na dusashewa kamar aikin buroshi. Daga baya aka fitar da littafin koyon zane na Lambun Ƙwayar Mastad: kashi na farko a 1679, na biyu da na uku a 1701. A cikin na ƙarshen akwai darussa kan zanen furanni da tsuntsaye da ƙwari. Jiragen fatake sun kai waɗannan littattafai tashar Nagasaki, aka sake buga su a Japan a tsakiyar ƙarni na 18, masu zane suka yi karatu a kansu.

Ta Nagasaki ɗin ne kuma wani abu ya shigo. Gwamnatin Tokugawa ta taƙaita hulɗa da Turawa, ta bar 'yan kasuwar Holan kaɗai a ƙaramin tsibirin Dejima. Ta hannunsu littattafan ilimin halittu da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa suka iso. A 1787, shekara ɗaya kafin littafin Utamaro, Morishima Churyo ya wallafa Komo Zatsuwa, wanda ke ɗauke da hotunan ƙananan ƙwari kamar yadda suke a ƙarƙashin wannan madubi. Duban halitta da idon bincike ya zama abin yayi a tsakanin malamai da masu mulki.

Me ya sa ƙwari?

A al'adar Japan, ƙwaro alama ce ta lokaci. Maƙesu na nuna shigowar zafi, jan mazari da kukan gyare na nuna kaka ta kama. Tun zamanin Heian, wanda ya ƙare a ƙarni na 12, fadawa kan fita filayen Sagano da ke bayan Kyoto su zaɓo ƙwari masu daɗin kuka, su zuba a keji su kai fada. Daga wannan al'ada sunan littafin Utamaro ya samo asali. A Edo, birnin da mutanensa suka kai kimanin miliyan ɗaya a ƙarni na 18, abin ya sauko har ga talaka. Akwai masu tallar ƙwari a ƙananan kejunan gora, akwai kuma wuraren da jama'a ke zuwa da yamma su shimfiɗa tabarma domin sauraron kukansu, irin su tudun Dokanyama.

Ya kamata a lura cewa kalmar mushi ta fi kalmarmu ta ƙwaro faɗi. A wancan zamani ta haɗa da kwaɗo da ƙadangare da maciji da tana da dodon koɗi da gizo-gizo. Shi ya sa mai buɗe littafin zai tarar da su duka a ciki.

Littafin 1788

Littafin ya ƙunshi hotuna 15, kowanne ya mamaye shafi biyu masu fuskantar juna. A kowane hoto akwai halittu biyu da waƙa biyu, jimilla waƙoƙi 30 daga mawaƙa daban-daban. An haɗa zanzaro da tsutsa mai gashi, malam-buɗe-littafi da mazari, fara da ƙoƙi-ƙoƙi, maciji da ƙadangare, tana da gyare. Waƙoƙin irin waɗanda ake kira kyoka ne, wato waƙoƙin barkwanci masu gaɓa 31, waɗanda ke ɗaukar tsarin waƙar fada su cika shi da wasa da kalmomi. Jigonsu a nan soyayya ce, kowane mawaƙi ya fake da halin ƙwaron da aka ba shi ya faɗi abin da ke ransa. Wanda ya zaɓe su shi ne Yadoya no Meshimori, sunan alƙalami na Ishikawa Masamochi, mai gidan saukar baƙi kuma masanin adabi.

Ƙungiyoyin kyoka wuri ne da jarumawan samurai da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu ke zama a tabarma ɗaya, kowa da sunan aro. A ƙasar da doka ta rarraba mutane aji-aji, har ta ƙayyade irin tufar da kowane aji zai sa, wannan cuɗanya ba ƙaramin abu ba ce. Su ne kuma kasuwar irin wannan littafi mai tsada. Tsutaya, wanda aka haifa a 1750 a unguwar shaƙatawa ta Yoshiwara, ya kuma mayar da shagonsa tsakiyar kasuwancin littattafai a Nihonbashi a 1783, ya san yadda zai haɗa kuɗinsu da gwanintar ma'aikatansa.

A ƙarshen littafin, Toriyama Sekien, malamin Utamaro, ya rubuta cewa tun yana yaro almajirin nasa ke ƙura wa ƙananan halittu ido, yana wasa da mazari ɗaure da zare, ko ya ɗora gyare a tafin hannu yana kallo. Sekien ya rasu a shekarar da littafin ya fito. Wannan dogon kallo ya bayyana a aikin: jijiyoyin fiffike, gaɓoɓin ƙafa, ramin da tsutsa ta ci a ganye. A kwafin farko-farko, fiffiken mazari na ƙyalli da garin mika idan aka karkata shafin ga haske. An kuma rubuta sunan masassaƙin, Fuji Kazumune, a shafin ƙarshe, karramawar da ba kasafai masu sassaƙa ke samu ba. Bayan wannan, Utamaro da Tsutaya sun fitar da littattafai biyu masu irin wannan tsari, ɗaya kan ƙwanson halittun bakin teku, ɗaya kan tsuntsaye.

Shekarun da aka ɗaure alƙalami

Littafin ya fito ne cikin mawuyacin hali. Yunwar Tenmei ta addabi ƙasar daga 1782 zuwa 1788, dutsen Asama ya yi aman wuta a 1783, kuma a 1787 talakawan Edo suka farfasa shagunan dillalan shinkafa. A shekarar ce Matsudaira Sadanobu ya zama babban mashawarci a gwamnatin shogun, shugaban mulkin soja, ya ƙaddamar da abin da ake kira gyare-gyaren Kansei. Manufarsa tsuke bakin aljihu, hana almubazzaranci, da gyaran tarbiyya. Ba a daɗe ba wannan gyara ya iso kan masu rubutu.

A 1789 aka aika wa Koikawa Harumachi sammaci, wani samurai da ya rubuta littafin barkwanci mai gugar zana ga sabbin manufofin. Bai amsa kiran ba, ya ce ba shi da lafiya, kuma ya rasu a shekarar. A 1790 aka kafa dokar da ta wajabta duba kowane hoto kafin a buga shi, a sa masa hatimin amincewa mai suna kiwame. Dabarar hukuma ita ce ta ɗora alhakin tacewar a kan ƙungiyar masu ɗab'i da kansu, ta yadda kowa zai zama mai gadin ɗan'uwansa. A 1791 Tsutaya ya buga littattafai uku na Santo Kyoden kan rayuwar gidajen shaƙatawa. Aka sa wa Kyoden ankwa ta kwana 50 a gidansa, aka ci Tsutaya tara mai nauyi. A shekarar ce aka kori Meshimori daga Edo kan wata tuhuma da ta shafi sana'arsa ta saukar baƙi.

Tsutaya ya rasu a 1797. Utamaro ya koma zanen mata, wanda da shi ya fi yin suna. A 1804 ya zana Toyotomi Hideyoshi, shugaban da iyalan Tokugawa suka gaji mulkinsa, daga baya suka kawar da zuriyarsa, ya kuma rubuta sunansa a fili, abin da doka ta hana. Aka tsare shi, aka sa masa ankwa. Ya rasu a 1806.

A irin wannan yanayi, fure da tsuntsu da ƙwaro sun zama batun da mai ɗab'i zai zuba wa jari ya yi barci da ido biyu rufe. A farkon shekarun 1830 Katsushika Hokusai ya fitar da jerin manyan furanni, inda malam-buɗe-littafi ke kokawa da iska a saman fure, fara ke ɓoye a cikin ganye, mazari ke shawagi. Utagawa Hiroshige ma ya zana ɗaruruwan hotunan furanni da tsuntsaye. A lokacin ne wani sabon shuɗi da aka haɗa a Turai, wanda ake dangantawa da birnin Berlin, ya yi arha a kasuwar Edo, ya maye gurbin shuɗin fure mai saurin koɗewa.

Da aka zo gyare-gyaren Tenpo a ƙarƙashin Mizuno Tadakuni, dokar 1842 ta hana hotunan 'yan wasan kabuki da matan gidajen shaƙatawa, ta taƙaita launuka zuwa bakwai ko takwas, ta kuma ƙayyade farashin hoto kada ya wuce mon 16, kimanin kuɗin kwanon taliya ɗaya. Wato hukuma ta kai ga ƙirga allunan da masassaƙi zai sassaƙa.

Ƙaramar halitta, babban habaici

Inda aka hana magana a fili, hannunka mai sanda yakan yi kasuwa. A 1843 Utagawa Kuniyoshi ya fitar da hoto mai falle uku kan wani tsohon labari: jarumi Minamoto no Raiko yana kwance ba lafiya, wani ƙaton gizo-gizo ya shimfiɗa saƙarsa a kansa, rundunar dodanni na hargitsi a sama. Babu sunan kowa mai rai a ciki. Duk da haka mutanen Edo suka karanta majinyacin a matsayin shogun, ɗaya daga dogarawansa a matsayin Mizuno, dodannin kuma a matsayin masu sana'o'in da dokokin suka durƙusar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da surutu ya yi yawa, mai gidan ɗab'in ya janye hoton daga kasuwa, amma kwafin sata suka ci gaba da yawo.

A 1868, lokacin yaƙin Boshin da ya kawo ƙarshen mulkin Tokugawa, an sayar da hotunan zambo da yawa a Edo, akasari babu sa hannun mai zane. Wasu sun nuna ɓangarorin yaƙin a matsayin yara masu wasa, wasu a matsayin rundunonin ƙwari, mai kallo ya gane kowane ɓangare ta alamar da ke jikin tufafinsa.

Bayan Edo

Da Japan ta buɗe tashoshinta ga Turawa, hotunan suka kwarara zuwa Turai. Baje kolin duniya na Paris a 1867 ya ƙara musu farin jini, kuma a 1891 marubucin Faransa Edmond de Goncourt ya wallafa littafi sukutum kan Utamaro. Mazari da malam-buɗe-littafi suka cika gilasai da kayan adon da masu fasaha irin su Emile Galle suka ƙera. A Japan kanta, Kamisaka Sekka ya fitar da kundin malam-buɗe-littafi a Kyoto a 1904, yayin da Ohara Koson, wanda ya rayu daga 1877 zuwa 1945, ya zana tsuntsaye da ƙwari da akasarinsu aka sayar a Turai da Amurka.

Injin ɗab'i da hoton kyamara sun ƙwace kasuwar yau da kullum, amma sana'ar ba ta mutu ba. Har yanzu akwai masassaƙa da masu bugawa a Tokyo da Kyoto, kuma cibiyar Adachi a Tokyo na horar da matasa. A 2025 gidan talabijin na NHK ya ware shirinsa na tarihi na shekara ga rayuwar Tsutaya. Ana samun kwafin littafin ƙwari a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, da na Fitzwilliam a Cambridge, da na Metropolitan a New York, kuma an ɗora hotunan shafukansa a intanet. Launukan littattafai sun fi na hotunan falle ɗaya daɗewa, domin littafi a rufe yake kwana, haske bai cinye jan beni da shuɗin furensa ba.

Tsarin hatimin tacewa ya ci gaba har tsakiyar shekarun 1870, siffarsa na sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Saboda wannan sauyi, a yau da hatimin ne masana ke gane shekarar da aka buga hoto. Alamar da hukuma ta ƙirƙiro domin ta tsare abin da jama'a za su gani, ita ce ta zama shaidar da ake bin diddigin tarihin sana'ar da ita. Amma masu bugawa, waɗanda ƙarfin kafaɗarsu ya sa fiffiken mazari ƙyalli, akasarinsu babu takardar da ta riƙe sunansu.